Ƙarin watt ba ya gyara lasifikar da ba ta da akwati

An daɗe ana jin wannan magana a rumfunan masu gyaran rediyo na Damagaram, daga Zango har Kasuwar Dole: idan lasifikar da aka ɗaure a jikin allon katako, bayanta a buɗe, ta rasa sauti mai kauri, wai sai a ƙara watt, wato ƙarfin amfilifaya, na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti. Wannan kuskure ne mai cin kuɗi a banza, domin matsalar a jikin allon take.

Duk lokacin da takardar lasifikar ta tura iska gaba, tana janye ta daga baya, sai sautin baya ya kewayo ta gefen allon ya kashe na gaba. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka tsawon zangon sauti mai kauri na hertz 50, wato mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ya kusan kai mita 7, ga shi kuma allon da yawancinmu ke yankawa bai wuce rabin mita ba, shi ya sa sauti mai kauri ke kewaye shi cikin sauƙi. Ƙarin watt yana ƙara sautin gaba da na baya daidai wa daida, har takardar ta riƙa kaɗawa tana neman yagewa.

Gyaran yana hannun kafinta. A ƙara fuka-fukai biyu na katako a gefunan allon, a lanƙwasa su baya domin hanyar kewayen ta yi tsawo, a kafa masa ƙarin katako a baya don ya daina rawa, sannan a janye shi kamar mita ɗaya daga bango. Ni dai, kafin in sayi ko waya ɗaya, fuka-fukan nan nake fara gwadawa.