Wani ya taya gidan da aka riga aka sallama maka a Ingila: me ya hau kan dillali, me bai hau kansa ba?

Wannan magana tana yawan tasowa tsakanin masu neman sayen gida a Ingila, mutum ya taya gida mai gida ya sallama, har ya fara auna inda zai ajiye kujeru a ransa, sai kawai dillali ya bugo waya ran Juma'a da yamma yace "wani ya ƙara kuɗi fa". Toh bari mu bi tambayoyin da aka fi yi.

Wai shi dillalin nan wa yake yiwa aiki ne?

Mai gida. Wannan shine abu na farko da ya kamata ya zauna maka a kai tun kafin ka taka ƙofar ofishinsu. Mai gida ne ya ɗauke shi, shine zai biya shi la'ada, kuma galibi la'adar kaso ce daga kuɗin gidan, kaga kenan duk yadda farashi ya hau shima nashi ya hau. Zai maka fara'a, zai zagaya dakai ɗaki ɗaki, ya buɗe maka taga ya nuna maka lambu, amma ba wakilinka bane. Dan haka kar ka kuskura ka faɗa masa iyakar abinda zaka iya biya, wallahi kana faɗa ya isa kunnen mai gida.

An riga an karɓi tayina, me yasa zai kai tayin wani kuma?

Saboda doka ce ta tilasta masa, ba lallai mugunta bace. Dokar dillalan gidaje ta 1979 da ƙa'idojin da aka ƙara mata a 1991 sun ce dole ya isar da kowane tayi ga mai gida cikin gaggawa kuma a rubuce, har zuwa ranar da lauyoyi zasuyi musayar kwantiragi, wato ranar da cinikin ke ɗauruwa a doka, sai dai idan mai gidan da kansa ya rubuta masa cewa kar ya ƙara kawo masa tayi iri kaza ko wanda bai kai kaza ba. Idan ya ɓoye tayin wani dan ya kyauta maka ma laifi yayi.

Kenan mai gida zai iya juya min baya bayan ya sallama?

Zai iya, kuma anan ne abin yake da ciwo. A Ingila da Wales "na sallama" na baki baya ɗaure kowa, wata doka ta 1989 tace cinikin fili ko gida sai a rubuce da sa hannun ɓangarorin biyu, to duk makonnin nan ko ma watannin da ake jiran banki da binciken lauya, cinikin a sake yake. Misali ka taya fam 200,000 an karɓa, ka biya mai duba gini, ka biya kuɗin binciken takardu, lauyanka ya fara aiki, sai wani yazo da 205,000 mai gida ya koma wajensa, kai kuma duk abinda ka kashe ya bi ruwa babu wanda zai mayar maka ko kwabo. Su can sunan da suke kiran abin gazampin. Ni a ganina wannan giɓi ne babba a tsarin nasu, dan mai ƙaramin ƙarfi da ya shekara yana tari shi yafi shan wahalarsa. Amma fa shima mai saye yana da irin wannan damar, zai iya rage tayi ana gobe musaya ko ya fasa gaba ɗaya.

A Sikotlan tsarin daban ne, lauya ne yake miƙa tayi a rubuce, sau da yawa ana sa rana ɗaya ta rufe karɓar tayi, kuma ciniki yana ɗauruwa ta wasiƙun da lauyoyi ke musaya.

Ta yaya zan san ba ƙirƙirar ɗaya mai tayin yayi ba dan in ƙara kuɗi?

Ƙirƙirar tayin bogi haramun ne a dokar, haka yin ƙarya akan yawan kuɗin ko akan halin wanda ya taya. Matsalar itace kai baka da ikon cewa sai an nuna maka takardar, kuma ba dole bane ya faɗa maka nawa aka taya, a ƙa'idar aikinsu ma sai mai gida ya yarda kafin ya bayyana adadi. Abinda zakayi, kace ya rubuto maka ta imel cewa lallai akwai wani tayin kuma an kaiwa mai gida. Mai gaskiya bazai ji komai ba zai rubuta, wanda yake da lam'a a maganarsa kuma zakaji ya fara kame-kame.

Yace sai na karɓi bashin gida ta hannun mutuminsu kafin ya kai tayina, haka ne?

A'a. Yana da damar ya nemi shaidar cewa kana da kuɗin ko banki ya amince maka, wannan daidai ne. Amma ya danne tayinka ko ya ja masa ƙafa dan kaƙi amfani da lauyansu ko mai haɗa musu bashi, doka ta hana. Haka kuma idan shi ko ɗan uwansa ko wani ma'aikacinsu ne ke da hannu a gidan, dole ya bayyana.

Idan ya cuce ni ina zan kai ƙara?

Ka fara da kamfanin nasu a rubuce, ka ajiye duk saƙonni da ranaku. Tun 2008 wajibi ne kowane dillalin gidan zama ya shiga ɗaya daga cikin hukumomin sasanci, yanzu guda biyu ne, The Property Ombudsman da Property Redress Scheme, idan sati 8 ya wuce basu warware ba sai ka wuce can kyauta. Ta farkon tana iya yanke diyya har fam 25,000, duk da dai yawanci abinda ake bayarwa bai kusa da haka ba. Laifi mai girma kuma ana iya hana mutum dillanci kwata-kwata.

To me zanyi tun farko?

Sauri. Ka riƙe takardar amincewar banki a hannu kafin ka taya, ka samu lauya tun kafin ka ga gidan ma, ranar da aka sallama kace sharaɗinka shine a sauke tallan daga shafukan tallan gidaje na intanet irinsu Rightmove da Zoopla a daina kai mutane kallo. Wasu suna sa lauya ya rubuta yarjejeniyar cewa mai gida bazai saurari kowa ba na 'yan makonni, akwai kuma inshora da ke mayar da wani ɓangare na kuɗin da ka kashe idan ciniki ya rushe. Sannan ka dinga bugawa lauyanka waya duk sati kana tambaya ina aka kwana, har ranar musaya, ranar da zaka ajiye kafin alƙalami wanda galibi kashi 10 ne cikin 100 na kuɗin gidan.