Naman kaza na jikin itace: ku daina auna shi da bishiyar da ya fito a kai

Da zarar damina ta yi tsakiya, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, mu da ke aiki a ƙananan asibitocin kudancin Kano, wajen Doguwa da Tudun Wada da Sumaila da ke gefen Dajin Falgore, mun san abin da zai riƙa zuwa mana. Bayan zazzaɓin cizon sauro, sai masu amai da gudawa. A cikinsu kuwa ba a rasa waɗanda idan ka matsa da tambaya, a ce maka naman kaza suka ci, ko aka dafa musu suka sha ruwan. Ka ce wane iri ne? Amsar ɗaya ce kullum: "Ai a jikin ɗorawa aka ɓamɓaro shi." Wani ya ce tsamiya, wani ya ce mangwaro ko marke. A wurinsu magana ta ƙare, tunda bishiyar mai amfani ce, abin da ya fito a jikinta ma mai amfani ne.

Jama'a, wannan tunanin shi ne yake kwantar mana da yara, kuma shi nake roƙon ku bari.

Na san inda abin ya samo asali. Mun saba da kauci, muna kiran sa da sunan bishiyar da ya hau, kaucin ɗorawa daban, kaucin tsamiya daban. Sai aka ɗauki naman kaza aka sa a wannan layin. To shi ba tsiro ba ne mai ganye. Cin itacen yake yi, yana ruɓar da shi daga ciki, abin da kuke gani a waje ɗan abin da ya ɓullo ne kawai. Gubarsa kuma shi yake haɗa abarsa. Ɗorawa ba ta ba shi magani ba, tsamiya ba ta wanke shi ba. Kututture ɗaya zai iya fitar da iri biyu ko uku a damina guda, wani ana ci, wani kuma ya kai mutum ga ƙarin ruwa.

Ku duba abin da yaranku suke shigowa da shi tare da itacen girki. Akwai mai tauri da ke manne a gindin bishiya, rabin da'ira, samansa ja-ja mai sheƙi, ƙasansa fari da ƙananan huji da ido ke gani da ƙyar. Shi ne ake shanyawa a daka a zuba a kunu, wai maganin basir ko ciwon suga ko daji. Akwai mai laushi fari ko ruwan madara da ke fitowa a jere a kan gungume, ƙarƙashin hularsa layi-layi. Akwai mai siffar kunne, mai santsi da danƙo idan ya sha ruwa. Akwai kuma ƙanana masu launin ƙasa, masu siririyar ƙafa, da ke fitowa cunkus a kan ruɓaɓɓen itace, kuma a cikin masu wannan kamar akwai mai gubar da ke lalata hanta. Masanan da suka yi karatun abin ma ba sa yanke hukunci da kallo ɗaya. Sai sun kife hular a kan takarda ta kwana sun ga launin ƙurar da ta zubo, sau da yawa sai sun sa a madubin likita. Kai kuma Malam, daga jin sunan bishiya ka ce a dafa wa mai jego?

Kada wani ya kawo mini zancen shayin da ake tallatawa a Facebook, wanda ake yi da irin mai taurin nan a ƙasar Sin. Wancan noma shi ake yi, an san irinsa, kuma shi ɗin ma ba a tabbatar yana warkar da daji ko suga ba. Wanda ka cire a bayan gari ba ka san ko wane ne ba.

Dafuwa ba ta kashe gubar da ke taɓa hanta, shanyawa ba ta kashe ta, suya ma haka. Cewa akuya ta ci ba ta mutu ba, ko tsutsa na cikinsa, ba shaida ba ce. Kakarku ta ci wani mai kama da shi shekara da shekaru lafiya lau, na yarda, amma kama ce kawai.

Iyaye mata, ga abin da ya fi tayar mini da hankali, ku saurara da kyau. Wanda ya fara amai bayan awa 1 zuwa 3 da ci, yawanci ciki ne abin ya taɓa, idan aka mayar masa da ruwan jikinsa yakan warware. Wanda ya wuni lafiya, sai bayan awa 6 zuwa 24 amai da gudawa suka taso masa, shi ne abin tsoro. Kwana ɗaya ko biyu sai ya ji sauƙi, har ya nemi abinci, gida a ce Alhamdulillahi, an tsallake. Alhali hanta ce ke lalacewa a ɓoye. A rana ta uku ko ta huɗu ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi ja ya ragu, yaro ya fara sambatu. Sannan a ce shawara ce ta kama shi, a sake ɗora masa jiƙo a kan hantar da ta riga ta jigata. Lokacin da aka kawo mana shi, abin ya fi ƙarfin ɗan asibitinmu, sai mu rubuta takarda a nufi babban asibiti, wani lokaci har Asibitin Malam Aminu Kano, ga nisa, ga hanyar damina, ga kuɗin mota. Na ga uwa tana riƙe da ƙafar ɗanta a bayan a-kori-kura tana cewa ita da hannunta ta dama masa. Ba mugunta ta yi ba, so ne, an gaya mata a jikin ɗorawa aka samo. Wallahi ba na son in sake ganin haka.

Ba faɗa nake muku don jin daɗi ba. Na san halin da ake ciki, magani ya yi tsada, nama ya yi tsada, kuma damina lokacin ƙarewar hatsi ce a rumbu. Amma zogale da rama da tafasa da yaɗiya suna nan, su mun san su.

Idan an riga an ci, ga abin yi:

A taho asibiti nan take, ko ba a fara amai ba, kuma duk wanda ya ci tare a zo da shi.
A kawo ragowar naman kazan, ɗanye ko dafaffe, a naɗe a takarda. Idan babu, a ɗauki hotonsa sama da ƙasa a waya.
A riƙe lokacin da aka ci da lokacin da ciwon ya fara, za mu tambaya.
A hanya a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti, ɗaya a lita 1 ta ruwa mai tsabta, kaɗan-kaɗan.
Ban da ɗura manja ko nono, ban da sa yatsa a maƙogwaro, ban da jiƙo, ban da farasitamol sai ma'aikacin lafiya ya ce.
Ko ya ce ya ji sauƙi, kada a fasa zuwa.

Masu unguwanni da limamai, don Allah ku faɗa a masallaci da wurin suna. Ku kuma masu aiken yara itace, ku duba damin kafin ya shiga madafa, abin da ke manne a jiki a kankare shi a binne inda ƙananan yara ba za su tono ba.