Waiwaye: Yadda Masu Libarba Suka Riƙa Ɗaukar Harsashin Ƙari a Ɗamara

Libarba, ƙaramar bindigar nan mai ganga mai juyawa, galibi harsashi shida take ci, wasu ma biyar. Tun daga 1836 da Samuel Colt ya yi wa ƙirarsa rajista a Amurka, duk wanda ya rataye ta yana fama da tambaya guda, wato yadda zai yi idan gangar ta ƙare alhali faɗa bai ƙare ba. Samun wurin da za a jera harsasai a ƙugu bai taɓa zama abu mai wuya ba. Wahalar tana tsakanin ɗamara da ganga, a 'yan daƙiƙoƙin da yatsun mutum mai firgici za su ɗauka kafin su sake ɗura bindigar, kuma an yi fiye da shekara 100 ana gyaran wannan ɗan tsakanin, sau da yawa sai bayan an yi asarar rai.

Libarbar farko ba ta da harsashi irin wanda aka sani yau. Kamar yadda maharbi ke ɗura bindigar toka, haka ake zuba albarushi a kowane rami na gangar, a danna dalma a kai, sannan a kafa wata 'yar hular tagulla mai tayar da wuta a bayan ramin. A yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 an sauƙaƙa aikin da ƙunsa albarushi da dalma cikin takarda, shida-shida a fakiti, ana kuma rataya ƙaramar jakar fata a ɗamara domin hulunan. Duk da haka ɗurin yakan ci mintuna, kuma yin sa a kan doki mai sukuwa kusan ba ya yiwuwa. Saboda haka mayaƙan sunƙuru na jihar Missouri suka ɗauki hanya mafi sauƙi, kowane mutum ya rataya libarba da dama, in wannan ta ƙare ya zaro waccan.

Harsashi mai kwanson ƙarfe ne ya sauya lamarin. Da bindigar Colt ta 1873 ta shiga hannun sojoji da makiyaya a yammacin Amurka, sai dukawa suka fara ɗinka jerin madaukai a jikin ɗamarar fata, kowane madauki da harsashi ɗaya, mutum ya zagaye ƙugunsa da gommai. Amma fatar da aka jeme ba ta jituwa da tagulla. Idan harsashi ya daɗe a madauki sai wani koren datti mai danƙo ya fito masa, ya liƙe a ɗamara, ko kuma ya cije a cikin bindiga. Wani hafsan sojan Amurka, Anson Mills, shi ya fito da ɗamarar zaren auduga wadda ake saƙa madaukanta tare da jikinta, rundunar ta kuma karɓe ta wajen 1880. Wannan ya magance lalacewar harsashi, bai taɓa batun sauri ba, domin ita Colt ɗin ta wata 'yar ƙofa a gefe ake zare kwanso ɗaya bayan ɗaya, a kuma zura sabo ɗaya bayan ɗaya.

A Ingila kuwa an ɗauki batun saurin da muhimmanci. Libarbar Webley da sojojin Birtaniya suka karɓa a 1887 karyewa take yi a tsakiya, ta watso kwansuna shida gaba ɗaya, ta bar ramuka a buɗe. Tun a 1893 aka yi rajistar wani maɗuri mai suna Prideaux, wanda ke riƙe harsashi shida a da'ira ya zura su lokaci guda, kuma wasu hafsoshi sun saya da kuɗinsu a Yaƙin Duniya na Farko. Su kuwa Amurkawa tilas ce ta kai su ga irin wannan dabara a 1917. Bindigogin soja sun yi ƙaranci, sai aka sa kamfanonin Colt da Smith & Wesson su ƙera libarba da za ta ci harsashin .45 na bindiga mai ɗura kanta, wanda ba shi da leɓen da zai tokare shi a bakin rami. Aka yi wani siririn ƙarfe mai siffar rabin wata da ke kama harsashi uku, biyu daga ciki su cika ganga, su kuma fito tare da kwansunansu.

Abin mamaki shi ne, duk da waɗannan dabaru sun wanzu, 'yan sandan Amurka sun shafe shekaru masu yawa ba su amfana da su ba. Abin da aka saba gani a ƙugun ɗan sanda shi ne madaukai shida ko 12, ko kuma wata 'yar jakar fata mai buɗewa ta ƙasa, wadda idan an ɓalle maɓallinta take zazzago harsasai shida cikin tafin hannu. Jakar tana da kyan gani, tana kwanciya lif a jikin kaki, tana kuma kare harsashi daga ruwa da ƙura, kuma ga alama abin da ya fi jan hankalin manyan jami'ai ke nan. Sai dai wanda ya ɓalle ta a cikin duhu, hannu na rawa, yakan tsinci kansa da harsasai shida a warwatse, wannan ya juya kai ƙasa, wancan ya faɗi ya gangara ƙarƙashin mota, ga kuma bindiga a buɗe a ɗaya hannun.

A watan Afrilun 1970, a garin Newhall da ke arewa da Los Angeles, wasu 'yan fashi biyu suka kashe jami'an sintirin manyan hanyoyi na Kalifoniya huɗu cikin ƙasa da minti biyar. Ɗaya daga cikin jami'an, James Pence, ya harbe shidansa, ya durƙusa a bayan mota da rauni a jiki yana zura harsasai daga irin wannan jaka, sai ɗaya daga cikin 'yan fashin ya zagayo ya harbe shi kafin ya kai ga rufe gangar. Bayan wannan rana rundunar ta sake tsarin horonta, ta kuma amince da maɗuri mai da'ira. Cikin shekarun 1970 irin waɗanda kamfanonin HKS da Safariland ke yi suka bazu, ana sa su biyu a jaka ɗaya a gaban ɗamara. Kamfanin Bianchi kuma ya fito da wani siririn ɓallin roba mai riƙe harsashi shida a layi, wanda bai kai maɗuri sauri ba amma ba ya tudu a ƙarƙashin riga, abin da ya sa jami'an farin kaya suka so shi.

Wasu rundunonin sun yi jan ƙafa. Birnin New York bai sakar wa 'yan sandansa mara a kan maɗuri ba sai bayan da aka kashe wani jami'i mai suna Scott Gadell a 1986 yana cikin sake ɗura libarbarsa. A shekarar ce kuma, ranar 11 ga Afrilu, aka yi musayar wuta a Miami inda jami'ai biyu na FBI, hukumar binciken laifuka ta tarayyar Amurka, suka mutu, wani kuma da aka harba a hannu ya kasa ɗura tasa saboda jinin da ya cika ramukan gangar. Daga nan hukumomi da yawa suka riƙa ajiye libarba suna komawa ga bindigogi masu ɗura kansu irin Glock 17, wadda gidan harsashinta guda ke ɗaukar 17, kusan ganga uku ke nan, kuma a 1993 New York ma ta bi sahu. Yau ɗamarar madaukai ta fi yawa a wurin mafarauta da masu gasar harbi cikin shigar makiyayan da, rabin watan nan na 1917 kuwa ya zama cikakken zobe mai kama harsashi shida ko takwas, wanda masu gasar harbin sauri ke jerawa a kan 'yan turaku a gaban ɗamara.