Masu son yin aikin sa kai a makarantar Katolika: ga amsoshinku

Duk farkon zangon karatu tambayoyin iri ɗaya ne, bakina har ya gaji. Don Allah iyaye a karanta wannan kafin a kira ni.

Ana biya?

A'a. Ko kuɗin mota babu.

Sai ɗan Katolika?

A'a. Makarantun mishan a Arewa sun daɗe suna karantar da 'ya'yan Musulmi da na sauran coci-coci, St. Louis ta Kano ma shaida ce. Muddin ɗanka na shan ruwan randarmu, kana da hakkin leƙa cikinta. Ba wanda zai ce ka shiga coci.

Kowa ya san ni, me ya sa ake neman wasiƙar shaida?

Saboda amanar yara za a ba ka. Ka kawo daga Fada, wato limamin cocin Katolika, ko fasto, ko limami, ko mai unguwa. Kuma babba ba ya keɓewa da yaro a ɗaki a rufe, ko Sista ce, ko ni. Tun 2019 marigayi Paparoma Francis ya wajabta wa limaman coci da sistoci kai rahoton cin zarafin yara, to kai wane ne da za ka ce an raina ka? Idan yaro ya faɗa maka wani ya taɓa shi, kada ka yi masa alkawarin rufe maganar. Ka saurare shi, ka kai wa shugabar makaranta a ranar.

Yaro ya zo jikinsa zafi rau, nas ba ta nan. In ba shi magani?

Nan ne nake jan numfashi. A ƙa'ida, a'a. Ka kwantar da shi a inuwa, ka rage masa kaya, ka ba shi ruwa, ka goga masa tsumma mai ɗumi-ɗumi, ka kira nas da iyayensa. Sai dai na san akwai ranar da wayar uwa a kashe take, uba yana gona ko kasuwa, yaro kuma na rawar ɗari a gabanka. A irin wannan, idan iyaye sun sa hannu tun farko a katinsa cewa a ba shi farasitamol, kuma nas ta faɗa maka adadin ta waya gwargwadon nauyinsa, to ka ba shi, ka rubuta lokaci da adadi. Idan ɗaya daga cikin biyun babu, ka haƙura. Asfirin kuwa ba na yara ba ne, kada ma ya shigo mana.

Maganin zazzaɓin cizon sauro sai an yi gwajin jini. Ba kowane zafin jiki ne maleriya ba, kuma ragowar ƙwayoyin da ke jakarki, Mama, ki bar su a gida. Gudawa ita ce kaɗai nake sakin hannu: a haɗa ruwan gishiri da sukari na leda a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan.

Akwai kuma inda ba a jiran kowa. Wuya ya sanƙare da ciwon kai lokacin zafi, jijjiga, numfashi da ƙyar, maƙogwaro da wuya sun kumbura kamar yadda aka gani a mashaƙon da ya addabi Kano a 2023, ko mai sikila da zazzaɓi ko ciwon ƙirji: a ɗauke shi zuwa asibiti, a kira iyaye a hanya. Mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe, kada a tura masa cokali a baki. Ko da duk wannan, ban ce na rufe kowace ƙofa ba. In ka yi shakka, asibiti.

Ban yi boko ba, zan iya?

Sosai ma, Baba, kwantar da hankalinka. 'Yan Zumuntar Mata ta coci da ke duba kicin da banɗaki, su lura da yarinyar da ta daina cin abinci, sun fi mana amfani a kan mai digirin da ba ya zuwa.

Batun tsaro fa, za mu riƙe makami?

A'a. Mu ba 'yan banga ba ne. Na san tun da aka kwashe ɗaruruwan yara daga St. Mary's ta Papiri a Jihar Neja a Nuwamban 2025 zukata ba su kwanta ba, nawa ma haka. Amma aikinku ido ne: wa ya shigo, wa ya zo ɗaukar yaro, sunansa na cikin littafin maigadi? Ina katanga ta zube? Baƙon babur da ke zagaye da yamma, a faɗa wa shugaba, ita za ta kira jami'an tsaro. Kuma a daina yaɗa jita-jita a WhatsApp, iyaye na faɗuwa da hawan jini.

In ɗauki hoton yara in sa a Facebook?

Kul.

Idan ba zan samu zuwa ranar da aka sa ni ba?

Ka kira tun da dare a sa wani. Yin shiru shi ke barin ƙofa ba kowa lokacin tashi, yara na tsallaka titi su kaɗai.