Almarar Jarumai da Sabuwar Rayuwarsu a Littattafan Zane

Almarar jarumi labari ne da al'umma ta gada kaka da kakanni game da wani gwarzo wanda ya yi abin da ya gagari sauran mutane: ya kashe dodo, ko ya kafa daula, ko ya tsallaka zuwa inda ba a dawowa ya dawo. Kusan babu al'ummar da ba ta da irinsa. Kalmar "almara" a nan ba ta nufin ƙarya. Wasu jaruman mutane ne da tarihi ya tabbatar da su sannan baki ya ƙawata labarinsu, wasu kuma, kamar Rama a wurin mabiya addinin Hindu, abin girmamawa ne na addini har yau. Tun daga tsakiyar ƙarni na 20 waɗannan labarai suka sami sabon gida a littattafan zane, wato littattafan da ake ba da labari a cikinsu ta hanyar jeranta hotuna a ƙananan akwatuna tare da ɗan rubutu.

Tsofaffin jarumai

Mafi daɗewa cikin waɗanda aka samu a rubuce shi ne Gilgamesh, sarkin birnin Uruk a ƙasar da yanzu take Iraƙi. An rubuta labarinsa a allunan yumɓu goma sha biyu cikin harshen Akkad. An tono su a kangon birnin Nineba a tsakiyar ƙarni na 19, kuma a 1872 George Smith ya karanta wa jama'a wani sashe nasu a Landan. Gilgamesh ya fara a matsayin azzalumin sarki, ya yi abota da Enkidu, suka kashe Humbaba mai gadin daji. Da Enkidu ya mutu sai tsoron mutuwa ya kama sarkin, ya bazama neman dawwama. Ya samo wani tsiro mai mayar da tsoho yaro, amma yana cikin wanka maciji ya lallaɓo ya ɗauke. Haka ya koma gida hannu rabbana, abin da kawai ya rage masa shi ne ganuwar birninsa.

Girkawa suna da Herakilis, wanda ya kashe 'ya'yansa cikin hauka aka ɗora masa ayyuka goma sha biyu a matsayin kaffara, da Odisiyas wanda ya yi shekara goma a hanyar komawa gida bayan yaƙin Taroi. A Indiya akwai Ramayana mai baiti kusan 24,000, labarin Rama da aka kora daji shekara 14 da matarsa Sita da Rawana ya sace. A Ingila akwai Beowulf, waƙa mai layi 3,182 da ta tsira a kwafi ɗaya tak, wanda shi ma gobara ta lashi gefensa a 1731. A ƙasar Sin akwai Sun Wukong, Sarkin Birai, daga littafin ƙarni na 16 mai babi ɗari kan tafiyar wani malamin addinin Buddha zuwa Indiya.

Labarin da ya fi kowanne ɗaci yana cikin Shahnama, wanda Firdausi ya kammala a 1010 cikin baiti kusan 50,000. Rustam, babban barden Farisa, ya kwana a wata masarauta ya auri Tahmina, ya bar mata wani ƙarau ya ce in ta haifi namiji a ɗaura masa a damtse. Yaron, Suhrab, ya girma bai san ubansa ba, ya shiga rundunar abokan gaba yana fatan haɗuwa da shi. A fagen fama ya tambayi tsohon barden ko shi ne Rustam, Rustam ya musanta. Sai bayan ya soke shi da wuƙa, saurayin yana kwance yana cewa ubansa zai ɗaukar masa fansa, sannan Rustam ya buɗe sulkensa ya ga ƙarau. Ya aika wa sarki Kaikawus a ba shi maganin da zai ceci ɗan, sarkin ya hana.

A wurin Larabawa akwai Antara ɗan Shaddad na ƙabilar Abs, mawaƙin zamanin Jahiliyya wanda mahaifiyarsa Zabiba baiwa ce baƙar fata. Ubansa bai amince da shi a matsayin ɗa ba sai ranar da aka kawo wa ƙabilar hari aka buƙaci takobinsa. A Afirka ta Yamma kuma akwai Sunjata Keita, wanda ya kafa daular Mali bayan yaƙin Kirina wajen 1235. Mawaƙan Mande, waɗanda ake kira jeli, suna cewa ya kai shekara bakwai yana rarrafe. Wata rana mahaifiyarsa Sogolon ta roƙi kishiyarta ganyen kuka, kishiyar ta yi mata gorin ɗanta gurgu. Ranar nan Sunjata ya dafa sandar ƙarfe ya miƙe, ya tumɓuke bishiyar kukar ɗungurungum ya ajiye a ƙofar ɗakin uwarsa. D. T. Niane ya wallafa labarin da Faransanci a 1960 daga bakin jeli Mamadou Kouyaté.

Shin jarumi ɗaya ne mai fuskoki da yawa?

Manazarta sun daɗe da lura da kamanni tsakanin waɗannan labarai. A 1909 Otto Rank ya nuna yadda haihuwar jarumi ke maimaituwa: jariri ɗan manya da aka yasar, sau da yawa a cikin kwando a kan ruwa, kamar Sargon na Akkad da Karna na almarar Indiya ta Mahabharata, talakawa su tsince shi su raine shi. A 1936 Lord Raglan ya jera siffofi 22 da yake ganin rayuwar jarumi na bi. Wanda ra'ayinsa ya fi yaɗuwa shi ne Joseph Campbell, a littafinsa na 1949, *The Hero with a Thousand Faces*. A wurinsa duk labaran tafiya ɗaya ce mai zango uku: jarumi ya bar gida, ya sha jarrabawa, ya dawo da wani alheri ga mutanensa. Marubutan fim da na littattafan zane sun rungumi wannan tsari hannu bibbiyu, don yana sauƙaƙa gina labari.

Sai dai tsarin yana da aibi babba, kuma masana adabin baka da dama sun faɗe shi: yana tsintar abin da ya yi daidai da shi ne ya watsar da saura. Gilgamesh bai dawo da komai ba. Rustam bai sami wata hikima da ta amfani kowa ba, ɗansa kawai ya binne. Sunjata bai yi nasara shi kaɗai ba, sai da 'yar'uwarsa Nana Triban ta tono asirin abokin gabansa Sumanguru, aka harbe shi da kibiya mai tsinin ƙafar farin zakara, kuma labarin yana tafe ne da jerin sunayen zuriyoyi waɗanda jikokinsu ke zaune suna sauraro. Wanda ya cire wannan ya bar "tafiyar jarumi" kawai ya cire dalilin da ya sa ake rera waƙar. Hatta wanzuwar irin wannan doguwar waƙar jarumta a Afirka sai da aka yi jayayya a kanta: a 1970 Ruth Finnegan ta nuna shakku, a 1979 Isidore Okpewho ya mayar da martani da littafi sukutum, *The Epic in Africa*.

Hoto ya riga littafi

Ba da labarin jarumi da jerin hotuna ba sabon abu ba ne. A haikalin Zeus da ke Olimpiya, wanda aka gina a ƙarni na 5 kafin Miladiyya, an sassaƙa ayyukan Herakilis goma sha biyu a alluna goma sha biyu na dutse, kowane aiki da gidansa. A haikalin Prambanan na tsibirin Jawa an sassaƙa Ramayana a bango tun ƙarni na 9, mai ziyara yana zagayawa yana bin labarin. Kwafin Shahnama da aka yi wa Shah Tahmasp a ƙarni na 16 yana da zane 258. A Bengal kuma masu zanen Patuwa suna warware doguwar takarda mai hotuna suna rera labarin hoto bayan hoto.

Daga mujallun Amurka zuwa dogon labarin zane

A 1938 Jerry Siegel da Joe Shuster suka fito da Superman, jaririn da iyayensa suka sa a kumbo suka harbo shi daga duniyar da ke gab da tarwatsewa, wasu manoma suka raine shi. Kwandon da ke kan ruwa ne ya zama kumbo. Wonder Woman ta biyo baya a 1941 daga almarar Girkawa ta mayaƙa mata, sannan a 1962 kamfanin Marvel ya ɗauko Thor daga almarar mutanen arewacin Turai. Waɗannan aro ne kawai na suna da siffa. Abin da ya raba su da tsofaffin jaruman da aka aro su daga gare su shi ne ba sa mutuwa mutuwar gaske, domin mujallar wata mai zuwa tana jira, alhali mutuwa ita ce ƙashin bayan tsohuwar almara.

Dogon labarin zane mai farko da ƙarshe a littafi guda ya sami karɓuwa ne bayan Will Eisner ya wallafa *A Contract with God* a 1978. Wannan siga ce ta ba masu zane sararin ɗauko almara ɗungurungum. Eisner da kansa ya zana labarin Sunjata a farkon shekarun 2000. Eric Shanower ya fara *Age of Bronze* a 1998, inda ya ba da labarin yaƙin Taroi ba tare da alloli sun bayyana a fili ba, ya kuma dogara da binciken kayan tarihi wajen zana tufafi da gine-gine, har ya kamanta mutanen Taroi da Hittiyawa, tsoffin mazauna ƙasar da yanzu take Turkiyya. George O'Connor ya yi jerin *Olympians* mai littafi 12 daga 2010 zuwa 2022, Gareth Hinds kuma ya zana Beowulf da tafiyar Odisiyas.

Indiya ta bi tata hanyar. A 1967 Anant Pai ya kafa *Amar Chitra Katha*. Ana ba da labarin cewa abin da ya zaburar da shi wata gasar kacici-kacici ce a talabijin, inda yara suka amsa tambayoyi kan almarar Girkawa amma suka kasa faɗin sunan mahaifiyar Rama. Ɗaruruwan littattafan da suka fito sun zama hanyar da yaran birane suka san jarumansu. A Japan, Akira Toriyama ya fara *Dragon Ball* a 1984 da yaro mai wutsiyar biri, mai sanda mai tsawaita, mai hawa gajimare, sunansa Son Goku, wato yadda Japanawa ke furta Sun Wukong.

Abin da zane ke tilastawa

Mai ba da labari da baki yana iya cewa "dodo" ya bar kowa ya ƙera nasa a zuci. Mai zane ba shi da wannan damar. Waƙar Beowulf ba ta taɓa siffanta Girendel, dodon da Beowulf ya yaƙa, filla-filla ba, an dai san yana zuwa da dare, idanunsa na walƙiya, ƙarfe ba ya cinsa. Duk wanda zai zana shi dole ya yanke hukunci: mutum ne da ya lalace, ko dabba, ko aljani? Hukuncin nan yana sauya ma'anar faɗan baki ɗaya. Haka batun launin fata. An soki tsofaffin littattafan *Amar Chitra Katha* da cewa suna zana jarumai da farar fata, miyagu kuma baƙaƙe, abin da yaro zai haɗiye tun kafin ya iya karanta rubutun da ke ƙasa. Wannan suka ce mai nauyi, domin hoto ba ya jiran a yi masa gardama.

A gefe guda kuma zane yana iya abin da baki ba ya iyawa. Yana iya yin shiru. Shafi guda ba kalma ko ɗaya, fuskar uba kawai da damtsen ɗansa, ya isa. Tsakanin akwati da akwati akwai farin gurbi wanda mai karatu ke cikewa da kansa, kamar yadda Scott McCloud ya yi bayani a 1993: a nan takobi ya ɗaga, a can mutum na kwance, saran da kansa a zuciyar mai karatu ya auku. Abin da aka rasa shi ne murya. Kiɗan jeli, da kirarin da ake jefa wa jarumi, da amsawar masu sauraro, babu kumfar magana, wato da'irar da ake rubuta maganar mutum a cikinta a zane, da za ta ɗauke su.

Sauya mai magana

Mafi armashin ayyukan baya-bayan nan su ne waɗanda suka karɓe labarin daga bakin jarumi suka ba wani. A *Sita's Ramayana* na 2011, wanda Samhita Arni ta rubuta, Moyna Chitrakar ta zana da salon Patuwa, Sita ce ke magana, kuma yaƙin da aka yi da sunanta ya fito a matsayin abin da ya bar zawarawa da marayu a ɓangarorin biyu.

Gene Luen Yang, a *American Born Chinese* na 2006, ya saƙa labarin Sarkin Birai da na wani yaro ɗan asalin Sin mai suna Jin Wang da ke tasowa a Amurka. Sarkin Birai ya je liyafar sama, mai gadi ya tare shi a ƙofa don ba shi da takalmi, kuma don shi biri ne. Ya lakaɗa wa mahalarta duka ya koma dutsensa, a karon farko ya ji warin gashin birai a kogonsa, ya kuma ba da doka kowane biri ya sa takalmi. Sai aka ga birai suna zamewa daga reshe, sun kasa hawan bishiyar da aka haife su a kai. Littafin ya ci lambar Printz ta adabin matasa a 2007, shi ne dogon labarin zane na farko da ya samu wannan lamba.