Yadda Ake Fahimtar Sakamakon Gwajin Jinin Maƙoƙo

Mutane da dama a nan Zariya sukan karɓo takardar gwajin jini, su ga an rubuta TSH da T4 da lambobi a gefe, sai hankalinsu ya tashi tun kafin su koma wurin likita. Gwajin yana duba aikin wata 'yar tsoka ce da ke gaban wuya, wadda likitoci ke kira tayrod, ita ce kuma take kumbura ta zama maƙoƙo. Sinadaran da take fitarwa, wato T4 da T3, su ke daidaita bugun zuciya da ɗumin jiki da kuzari.

Inda aka fi ruɗewa shi ne TSH, domin ba daga wuya yake fitowa ba. Daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yake zuwa a matsayin umarni, kuma kamar yadda mai jaki ke ƙara tsawa idan jakin ya ƙi tafiya, haka TSH ke hawa idan tayrod ta yi sanyi. A yawancin ɗakunan gwaji ma'auninsa ga babban mutum yana tsakanin 0.4 da 4.0, ko da yake na mai juna biyu yakan sauka ƙasa da haka. Idan TSH ya hau kuma T4 ya sauka, aikin ya yi rauni, sai a ga kasala da jin sanyi da ƙiba da bushewar fata da rikicewar al'ada. Idan kuwa TSH ya faɗi T4 ya hau, aikin ya wuce kima, mutum yana ci amma yana ramewa, ga zufa da rawar hannu da faɗuwar gaba.

Ba kowane maƙoƙo ne ke zuwa daga ƙarancin sinadarin aidin ba, musamman yanzu da gishirin kasuwa ke ɗauke da shi. Sau da yawa garkuwar jiki ce ke juyowa kan tayrod, kuma mata abin ya fi kamawa. A cutar Hashimoto, wadda wani likita ɗan Japan ya bayyana a 1912, garkuwar tana lalata tsokar sannu a hankali, ana kuma gane ta da gwajin anti-TPO, wato sinadarin garkuwar jiki da ke kai wa tayrod hari. A cutar Graves kuwa zuga ta take yi, har idanu kan firfito. Samun anti-TPO a jini yana nuna musabbabi ne kawai, akwai masu shi da TSH ɗinsu lafiya lau, waɗanda sa ido kawai suke buƙata. Mai jego ma takan gamu da kumburin tayrod a cikin shekarar haihuwa, a gida kuwa sai a ɗauka gajiyar raino ce.

Wanda aka ɗora wa levothyroxine, maganin da ake bayarwa idan aikin tayrod ya yi rauni, ya sha shi da ruwa kafin karin kumallo da aƙalla minti 30, ya raba shi da maganin ƙarin jini da awa 4, sannan ya sake gwaji bayan mako 6 zuwa 8, saboda TSH ba ya saurin canzawa. Mai shan ƙwayar biotin don gyaran gashi ta gaya wa likita, domin tana gurɓata sakamakon. Mai shan carbimazole kuma, wato maganin rage aikin tayrod idan ya wuce kima, da zarar ya ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ya dakatar da maganin ya tafi asibiti a ranar a auna jininsa, ko a asibitin da ke kusa da shi ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.