Na'urar "shokin" ta masu raunin mazakuta: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Ma'aikacin jinya ne ni a Garwa, yawancin aikina awon hawan jini da suga. Tun da tallan na'urar "shokin" da aka ce tana maganin raunin mazakuta ya fara yawo a WhatsApp da Facebook, ba a yin mako wani bai ja ni gefe bayan la'asar ba, ya yi ƙasa da murya ya ce wai abokinsa ne ke tambaya. To ga amsa a rubuce, ka tura wa abokin naka.

Wutar lantarki ake jona wa mutum?

A'a. Bugun sauti ne, da Faransanci ondes de choc. Ana shafa man jel, a ɗora kan na'urar a jikin azzakari da gindinsa, tana ƙas-ƙas-ƙas na minti 15 zuwa 20.

Da zafi?

Ɗan tsikari. Ba allura, ba yanka. Ka tashi ka hau babur ɗinka.

Yana ƙara girma? Yana maganin saurin kawowa? Yana sa haihuwa?

A'a, a'a, a'a. Wanda ya ce maka yana yi, aljihunka yake kallo.

To me yake yi?

Tun 1980 likitoci a Munik ta Jamus suke fasa tsakuwar ƙoda da irin wannan bugu. A 2010 wani likita a Haifa ta Isra'ila, Yoram Vardi, ya rage ƙarfin sosai ya gwada a kan maza 20 da jini ba ya isa gabansu yadda ya kamata. Tunanin shi ne bugun yana ɗan takura naman wurin, jiki kuma ya mayar da martani da tsiro da sabbin ƙananan hanyoyin jini. An fi ganin wannan tsiron a jikin beraye. A jikin mutane sakamakon ya rarrabu: wasu gwaje-gwajen sun nuna sauƙi, wasu ba su ga bambanci da na'urar bogi ba.

Ba basir ne ke kawo matsalar ba?

Wannan maganar ta fi ci mini rai. Mutum ya shekara biyar yana ɗirkar jiƙon basir da na sanyi, ranar da ya yarda na soki yatsarsa sai sugan ya kusa fin ƙarfin na'ura. Hanyoyin jinin azzakari faɗinsu milimita 1 zuwa 2 ne, na zuciya 3 zuwa 4. Idan toshewa ta fara, ƙananan ke fara nunawa, shi ya sa raunin gaba kan riga ciwon zuciya zuwa da 'yan shekaru. Suga, hawan jini, taba, teɓa, wasu magungunan hawan jinin su kansu, tramol da samarinmu ke haɗiya kamar gyaɗa, sai damuwa. Nan za ka duba.

Shekarata 54, ina da suga shekara tara. Ƙwayar Viagra ta daina yi mini aiki. Na ga tallan wani asibiti a kudu, ina so in haɗa kuɗin auduga da na bijimi ɗaya in je. In je?

Alhaji, wannan ce tambayar da ba ta da amsar kalma ɗaya, saboda haka ka zauna.

Kafin mu taɓa na'ura, ban yarda ƙwayar ta daina aiki ba sai na ji yadda kake shan ta. A ina ka saya? Idan a tiren mai yawo ne cikin kasuwa, wanda rana ta gasa tun safe, ba mu da tabbacin abin da ke ciki. Idan ka sha ta a kan tuwo da nama mai maiƙo, sildenafil, wato sinadarin da ke cikin Viagra, na jinkirin shiga jini. Tana son kamar awa ɗaya, kuma ba ta tayar da komai sai da sha'awa. Da yawa sun gwada sau biyu cikin fargaba suka yanke hukunci, alhali ana so a gwada sau shida zuwa takwas a kan adadin da likita ya rubuta. Akwai kuma tadalafil, wanda ke kaiwa awa 36 a jiki, wasu ya fi karɓarsu. Amma in kana shan maganin ciwon ƙirji irin su isosorbide ko nitroglycerin, kada ka kusanci sildenafil ko tadalafil, jininka zai iya faɗuwa warwas.

Sai sugan. A yi maka gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda ya kasance a wata uku da suka wuce, ba na safiya ɗaya da ka yi azumi don ka burge ni ba. In da hali a auna sinadarin maza, testosteron, da sassafe.

Yanzu na'urar. Waɗanda suka fi ganin amfaninta su ne masu rauni kaɗan, wanda asalinsa hanyoyin jini ne, kuma ƙwaya na yi musu aiki har yanzu. Kai kuwa suga na shekara tara yakan ci jijiyoyin ji tare da hanyoyin jini, kuma bugun sauti ba a san shi da gyara jijiya a jikin mutum ba. Ban ce ba za ka ga komai ba. Akwai gwajin da ya nuna wasu da ƙwaya ta daina yi wa aiki ta dawo tana yi musu bayan na'urar, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a gidan aure. Sai dai ka lura, ƙwayar suka koma sha, ba rabuwa da ita suka yi ba. Sannan da aka bi sawun waɗanda suka samu sauƙi har shekara biyu, kusan rabi ne kawai sauƙin ya zauna musu, masu suga da rauni mai tsanani su suka fi komawa gidan jiya. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ba ta amince da na'urar a matsayin maganin wannan matsala ba, ƙungiyar likitocin mafitsara ta can tana ɗaukar ta abin da ke matakin gwaji. Ta Turai ta ɗan buɗe ƙofa ga masu rauni kaɗan, ita ma ba da ƙarfi ba.

Ka kuma yi lissafin hanya. Tsarin farko zama 12 ne: sau biyu a mako na mako uku, hutun mako uku, a sake mako uku. Mako tara ke nan. Daga nan mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, masauki, abinci, shago a rufe. Wannan ba ya cikin farashin da aka rubuta a talla.

In duk da haka zuciyarka ta tsaya a kai, kuɗinka ne, amma ka tambaye su abu uku. Likitan mafitsara ne zai duba ka ko mai tausa? Za a yi hoton gudun jini na dopla kafin a fara? Na'urar tasu mai tattara bugu wuri ɗaya ce, focalisée, ko radiale ce, wadda ake tausa ciwon gwiwa da diddige da ita? Yawancin binciken da ta farko aka yi. Idan suka ce duk ɗaya ne, ko suka ba ka tabbacin warkewa ɗari bisa ɗari, ɗauki hularka. Da ni ne, bijimin nan zai ci gaba da cin harawa wata shida tukuna, in gyara suga, in bar taba, in riƙa tafiyar ƙafa minti 30 kullum, sannan mu sake zama.

In sayo ƙaramar na'urar a intanet in yi a ɗaki?

Kada ka yi. Yawancinsu injin tausa ne aka sauya wa kwali.

Zumar maza da burantashi fa? Ai na gargajiya ne.

An sha kama irin zumar nan ta cikin 'yan leda da sildenafil ko tadalafil a ɓoye a ciki. Kana shan maganin bature ba tare da sanin adadi ba. Idan gaba ya miƙe ya ƙi kwanciya har awa 4, asibiti a daren, kunya ba ta da wuri a nan. Masu sikila su fi kowa kiyayewa.

Ni matarsa ce. Ya ƙi zuwa asibiti, ya ƙi magana, har na fara zargin kaina.

Hajiya, ba ke ba ce, kwantar da hankalinki. Kada ki ambaci shimfiɗa ma. Ki ce kina so a auna miki hawan jini, ya raka ki. In ya shigo, ni zan ɗaura masa a hannu.